Kurakuran da ake ta maimaitawa wajen sayen lasisin manhajar lura da netwok

Gaskiya na gaji da ganin abu ɗaya yana ta faruwa da ƙannenmu da suke shigowa harkar nan. Mutum zai turo maka kwoteshin yana murna wai ya samo manhajar da za ta riƙa lura masa da netwok da araha, kana buɗewa sai ka ga tun a layin farko an riga an tafka kuskure, kuma kuskuren da ba zai bayyana ba sai bayan an biya kuɗi an kafa komai.

Babban cikinsu shi ne ka ƙirga na'urorinka ka ɗauka abin da kamfanin mai manhajar zai ƙirga ke nan wajen yanke maka kuɗin lasisi. Kowane kamfani da nasa ma'aunin. PRTG na kamfanin Paessler da ke Jamus sensa yake ƙirgawa, kuma kowane abu guda da kake son sa wa ido sensa ɗaya ne: fing (gwajin ko na'ura tana amsawa) ɗaya, nauyin furosesa ɗaya, memori ɗaya, kowace ƙofa ta suwic ɗaya. To suwic mai ƙofa 48 in ka ce duka za ka duba ka haye sensa 50 a kansa shi kaɗai, biyu irinsa sun cinye maka sensa 100 ɗin nan da suke bayarwa kyauta. Su kansu suna cewa ka yi lissafin kamar sensa 10 a kowace na'ura, amma wannan matsakaici ne, wanda netwok ɗinsa duk suwic ne lissafin ba zai yi masa ba. SolarWinds NPM kuma nasu daban, suna duba na'urori da intafes (ƙofofin haɗi na na'urorin) da faifan ajiya, wanda ya fi yawa a cikin ukun shi ne zai yanke maka matakin lasisi, matakan kuma SL100, SL250, SL500, SL2000 sai SLX marar iyaka, lambar ita ce iyakar adadin da matakin ya yarje maka. Ka ga kana iya samun na'ura 30 kacal amma intafes 600, shi ke nan ka tsallake SL500 ka faɗa SL2000, babu wani mataki a tsakani. OpManager na ManageEngine shi na'ura yake ƙirgawa. Datadog kuma kowane wata ne suke lissafa maka bisa yawan na'ura da yawan bayanan da ka tura musu. Ta yaya za ka ɗora farashin waɗannan gefe da gefe ka ce wannan ya fi araha alhali ba abu ɗaya suke aunawa ba?

Wannan abin ya taɓa cin mu a wani wurin da na yi aiki, kamfani ne da ke raba intanet ga ofisoshi. Oga da dillali suka zauna suka ƙirga rauta da suwic da rediyon da ke kan hasumiya, suka sayi lasisi daidai wannan adadin, ba wanda ya tambayi mu da ke riƙe da netwok ɗin. Ba a daɗe ba lasisi ya cika, kuɗin ƙari kuma aka ce babu sai sabon bajet. Dole muka dinga cire wasu layukan daga cikin abin da ake dubawa don a sa wasu. Cikin waɗanda aka cire har da layin wani babban kwastoma, ranar da ya yanke allonmu kore shar yake nunawa, alamar komai lafiya, sai da suka kira suna faɗa sannan muka sani, kuma ba sau ɗaya ba. Ƙarshe dai suka tafi wajen wani. Ni ne na sha kiran waya da zagi, ni ne na tsaya gaban manajansu ba ni da abin cewa. Wallahi har yau in na ga wani yana ƙirga akwatuna a rak yana cewa ai na'urarmu ba ta da yawa raina ɓaci yake.

Abin da nake yi yanzu, kuma ban ce dole kowa ya bi ba, kafin in yi magana da kowane dillali sai na buɗe Excel na rubuta kowace na'ura, ƙofofin da ke aiki a jikinta, da waɗanda da gaske in sun mutu za a ji a jiki. Ƙofar da firinta ke ciki ba ta cikin lissafina. Sai in ƙara kamar kashi 30 cikin 100 saboda girma, sannan in ce wa dillali ya rubuta min a imel me lasisin yake ƙirgawa, kuma nawa ne kuɗin hawa mataki na gaba. Maganar baki ba na karɓa.

Na biyu, kuma nan ne nake son ku saurara da kyau: kallon kuɗin shekarar farko kaɗai. Haba jama'a! Da can ana sayen lasisi na dindindin, sai ka riƙa biyan kuɗin kulawa duk shekara, galibi wajen kashi 20 zuwa 25 cikin 100 na farashin, don ka ci gaba da samun sabuntawa da taimako. Ko a lokacin mutane mantawa suke yi da shi, sai ya ƙare a bar shi, ranar da aka buƙaci sabuntawa sai a tarar wasu kamfanonin sai ka biya na lokacin da ka tsallake. Yanzu ma abin ya canza, kamfanoni suna ta komawa tsarin haya, Paessler sun koma tsarin biyan shekara-shekara a 2024. Kamar gidan haya ne, ranar da ka kasa biya ba ruwan mai gida da yawan shekarun da ka yi a ciki. Kuma da dala ake biya. Duk wanda ke Najeriya ya san abin da ya faru bayan an saki naira a watan Yunin 2023, dalar da take wajen naira 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a farkon 2024. Ɗauki misali lasisin dala 3,000 a shekara, abin da yake naira miliyan 1.38 ya koma miliyan 4.5, kamfanin bai ƙara maka ko sisi ba. Je ka yi wa akanta wannan bayanin a tsakiyar shekara ka ga idonsa. Amma ku sai ku kai wa oga takarda da lamba ɗaya a naira, ya sa hannu, shekara ta zagayo kuma ku ce ba ku san haka za ta faru ba. Aikinku ne ku sani, don shi oga ba shi ne ya karanci netwok ba. Ni dai kullum na shekara uku nake rubutawa, da dala, a gefe in sa canjin yau da kuma canjin da ya fi shi muni, in ƙara harajin VAT na kashi 7.5, kuma in tambaya a rubuce ko farashin sabuntawa a ɗaure yake ko suna iya ɗaga shi. In dillali ya fara kwana-kwana a kan wannan tambayar na riga na gane.

Sauran ƙanana ne amma suna cizo. Ganin wane ne ke shanye bandwit ta NetFlow (bayanan zirga-zirgar da rauta ke turowa) sau da yawa lasisinsa daban ne, a SolarWinds sunansa NTA, na ajiye saitin na'urori kuma NCM, a demo duk za a nuna maka su tare kamar abu ɗaya ne. Sai kuɗin abin da manhajar za ta zauna a kai, PRTG yana son Windows, SolarWinds yana son SQL Server, rumbun bayanai na Microsoft, kuma SQL Server Express na kyauta yana da iyakar girma (gigabait 10 ne a sigogin da suka gabaci ta 2025), ba zai kai ka ko'ina ba. Gwajin kwana 30 ma yana ruɗar mutane, a PRTG babu iyakar sensa a lokacin gwajin sai ka zuba komai, kwanakin na cika ya koma sensa 100 na kyauta.

Masu cewa ai sai mu tafi na kyauta, ina tare da ku rabin hanya. Zabbix da LibreNMS da Nagios Core ba ka biyan lasisi, masu na'urorin kamfanin MikroTik kuma ga The Dude. Ni kaina Zabbix nake ɗora wa yawancin suwic ɗin cikin gini, abin da ake biya sai in bar shi ga manyan layuka. Amma sai an samu mutumin da ya iya Linux da rumbun bayanai, ya kuma samu lokacin zama ya daidaita faɗakarwa, in yaro ɗaya ne ya kafa kuma ya samu aiki a Abuja ya tafi ba tare da ya rubuta komai ba, kun koma farko. Albashinsa da horar da na biyu su ne farashin, a sa su a takarda.

Don Allah kuma a daina sa manhajar da aka fasa, wato wadda aka karya lasisinta don a yi amfani da ita ba biya. Manhajar nan tana riƙe da kalmomin sirrin kusan duk na'urorinka, shi ya sa ɓarayin intanet suke sonta. A Disambar 2020 aka gano an bi ta manhajar Orion ta SolarWinds an shiga hukumomin gwamnatin Amurka, ta hanyar da kamfanin ke tura sabuntawa ma, to ina ga wadda ka sauko da ita daga shafin da ba ka san mai shi ba?

Sai wani da ba a cika kula da shi ba, sunan da aka yi rajistar lasisin. Na sha ganin an yi da Gmail ɗin ma'aikaci ko da sunan dillali, ranar sabuntawa sanarwar ta tafi wajen wanda ya daɗe da barin aiki. A buɗe imel na kamfani wanda aƙalla mutum biyu ke gani, a yi rajistar da shi, a sa tunatarwa a kalanda wata uku kafin wa'adi saboda samo dala da sa hannun manya yana ɗaukar lokaci.