Yadda Ake Ƙiyasta Shekarun Jikin Majinyaci a Sashen Kulawa ta Musamman

Dattawa biyu kan kwanta a gadaje maƙwabta, kowannensu na da shekara 70 kuma ciwonsu ɗaya, amma ɗaya ya tashi ya koma gida, ɗayan kuwa ya daɗe a kan na'urar numfashi. Sau da yawa bambancin yana cikin shekarun jiki ne, wato gwargwadon yadda gaɓoɓi suka tsufa, kuma sanin hakan ya fi muhimmanci a wurinmu, inda dattawa da dama ba su da takardar haihuwa.

A fara da tambayar wanda ke zaune gida ɗaya da majinyacin, ba ɗan'uwan da ya zo dubiya daga nesa ba. Abin nema shi ne halin da yake ciki mako biyu kafin ciwon ya kwantar da shi, domin wanda ke kwance cikin zazzaɓi ko suma ba ya nuna ainihin ƙarfinsa. Kada a tsaya ga tambayar ko yana da lafiya, don amsar takan zama "alhamdu lillahi". A tambaya ko yana zuwa masallaci da ƙafarsa, ko a tsaye yake salla, ko shi ke ɗaukar butarsa ya yi alwala, ko kuma sai an riƙe shi zuwa banɗaki.

Daga nan sai a ɗora amsoshin a kan ma'aunin rauni (wato raguwar ƙarfin jiki saboda tsufa) na likita Rockwood, wanda aka fitar a Kanada a 2005, kuma yanzu yana da mataki 9. Mataki na 5 shi ne rauni mai sauƙi, inda mutum ke bukatar taimako wajen cefane, tafiya da shan magani a kan ƙa'ida. A na 6 sai an taimaka masa wajen wanka, a na 7 kuwa komai sai an yi masa. Ba a dogara da wannan ma'auni ga matasa ko masu naƙasa tun haihuwa.

Gwajin jini yana ƙara haske. Lissafin PhenoAge, wanda Morgan Levine da abokan aikinta suka wallafa a Amurka a 2018, yana haɗa shekarun haihuwa da alamomi 9, cikinsu har da sukari, albumin (furotin da hanta ke yi), kiriyatinin (mai nuna aikin ƙoda), CRP (alamar kumburi a jiki) da yawan fararen ƙwayoyin jini. Idan sakamakon ya zarce shekarun haihuwa, haɗarin cuta da mutuwa ya fi yawa. Sai dai a yi hattara, domin ciwon da ya kawo majinyacin kan hargitsa waɗannan alamomi, don haka a ganina labarin iyali ya fi cancantar a ba shi nauyi.

A rubuta matakin a katin majinyaci tun ranar farko, a yi amfani da shi wajen bayyana wa iyali tsawon jinyar da ake hasashe da kuma fara motsa gaɓoɓinsa da wuri. Kada lambar ita kaɗai ta zama dalilin hana kowa gado.