Ƙofofin da bairos ke bi ya shiga na'urarka, da yadda za ka toshe su

Duk wanda ya kawo mini kwamfuta ko waya yana kukan ta yi nauyi, ko tallace-tallace na faɗo mata da kansu, ko fayilolinsa sun yi ɓatan dabo, tambayata ta farko ba ta canzawa: me ka sauke, me ka soka mata, me ka danna a 'yan kwanakin nan? Kusan kowa cewa yake yi ba komai. Sai hira ta yi nisa yake tunawa.

Bairos ba ya tsirowa da kansa. Mutum ne ke zama ya rubuta shi, kamar kowace manhaja. A 1986 wasu 'yan'uwa biyu a Lahore ta Pakistan, Basit da Amjad Farooq Alvi, suka rubuta wanda ake kira Brain, har da adireshinsu da lambar wayarsu a ciki. An wuce wannan zamanin. Yau kuɗi ake nema: a sace maka kalmar sirrin banki, a kulle maka fayiloli a nemi fansa, ko a riƙa haƙar kuɗin kirifto da na'urarka ba da saninka ba. Kuma yawanci da hannunka ake buɗe ƙofar.

Fara da manhajar da aka fasa. Ita na fi gani, ita kuma mutane suka fi yi mini gardama a kanta. Office ko Photoshop na kyauta, wasan da aka cire masa biyan kuɗi, WhatsApp ɗin da aka yi wa kwaskwarima yana nuna saƙon da aka goge. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Wanda ya ɓata dare yana fasa manhajar nan ya ɗora ta a intanet, a wani wuri zai fanshe wahalarsa. Lura da abu ɗaya: bayanin girka irin waɗannan kusan kullum yana cewa ka fara kashe manhajar tsaronka. Da ka ga wannan umarnin, tsaya nan. Idan biyan Office ne ya gagara, LibreOffice kyauta ce ta halal, kuma tana buɗe takardun Word da Excel. A waya kuwa, ka tsaya kan Play Store ko App Store. Su ma ɓarna kan sulale ta shiga, amma ba za a haɗa su da fayil ɗin APK, wato fayil ɗin girka manhaja a wayar Android, da wani ya turo a guruf ba. Ƙaramar manhajar tocila da ke neman izinin karanta saƙonninka, me za ta yi da su?

Sai abin da ake liƙowa a imel ko saƙo. A watan Mayun 2000 wani saƙo ya fito daga Filifin mai taken ILOVEYOU, ya game duniya cikin kwanaki. Sunan fayil ɗin LOVE-LETTER-FOR-YOU.TXT.vbs ne, amma Windows na ɓoye wutsiyar ƙarshe, sai mutane suka ɗauka wasiƙa ce kawai. Wanda ya buɗe, sai bairos ɗin ya tura kansa ga duk mutanen da ke cikin adireshinsa, shi ya sa kowa ya ga saƙon daga wanda ya sani ya fito. Har yau dabarar na ci, kuma har yau Windows na zuwa da wutsiyar a ɓoye, abin da ya daɗe yana ba ni haushi. Buɗe File Explorer, shiga View, ka kunna File name extensions. Daga nan duk "rasit" ko "hoton" da ya ƙare da .exe, .vbs, .js ko .scr, kar ka taɓa shi. Takardar Word da ta ce sai ka danna Enable Content kafin ka ga rubutu ita ma haka. In kana kokwanto, ɗora fayil ɗin a shafin VirusTotal, injinan tsaro da dama su duba shi lokaci guda, amma ban da takardun sirri, domin abin da ka ɗora wasu na iya ganinsa. Akwai kuma wata sabuwar yaudara: shafi ya ce don tabbatar da kai mutum ne, ka danna maɓallin Windows da R, ka liƙa wani rubutu. Babu shafin gaskiya da zai nemi haka.

Filash da memori ma dillalai ne. Ta filash ake kyautata zaton bairos ɗin Stuxnet, wanda aka gano a 2010, ya isa tashar nukiliyar Natanz ta Iran, inda injinan ba sa kan intanet. Wanda ya fi damun talaka shi ne mai mayar da foldoji su zama gajerun hanyoyi masu 'yar kibiya a gefe. Kar ka danna su, dannawar ce ke tayar da shi. Kayanka na nan, ɓoye su ya yi. Ka sa Microsoft Defender, manhajar tsaron da ke zuwa da Windows, ya share filash ɗin daga bairos tukuna, sannan ka buɗe Command Prompt ka rubuta attrib -h -r -s /s /d E:\*.* kana mai canza E da harafin filash ɗinka.

Akwai wanda ba ya jiran ka danna komai. Ranar 12 ga Mayun 2017 WannaCry ya kama kwamfutoci sama da 200,000 a ƙasashe kusan 150, ya tsayar da aiki a asibitocin Ingila, yana neman dala 300 ta Bitcoin. Ramin da ya bi, Microsoft ta riga ta fitar da abin toshe shi tun watan Maris. Waɗanda ke ta ɗage sabuntawa ne suka sha. Saboda haka bar sabuntawa a kunne, ko da tana cin data. Windows 7 ta daina samun gyaran tsaro tun Janairun 2020, tallafin Windows 10 na gama-gari kuma ya ƙare a Oktoban 2025. Na'urar rarraba intanet da kyamarar tsaro kuma, canza musu kalmar sirrin da suka zo da ita daga kamfani. Da irin waɗannan kalmomin bairos ɗin Mirai ya kame dubban ɗaruruwan na'urori a 2016.

Ajiye kwafin muhimman fayilolinka a wani faifai daban, kuma ka zare shi bayan ka gama kwafa. In ka bar shi a soke, mai neman fansa zai kulle su tare.

In kuwa ya riga ya shiga, yanke intanet nan take, ka cire duk filash. Yi amfani da Offline scan na Microsoft Defender, wanda ke bincike kafin Windows ta gama tashi. Canza kalmomin sirrinka daga wata na'ura mai lafiya, ka fara da na imel, domin ta nan ake sake saita sauran. In fayiloli aka kulle, kafin ka yi tunanin biya, duba shafin No More Ransom da Europol, hukumar 'yan sandan Tarayyar Turai, da 'yan sandan Holan suka buɗe tare da kamfanonin tsaro a 2016. Yana da makullan wasu nau'o'in kyauta. Idan bayan sharewa alamun sun dawo, kwashe takardunka da hotunanka kawai, ban da manhajoji, ka goge faifan ka sake girka Windows daga shafin Microsoft.