Yadda ake tseren kwatan mil, daga layin jira har karɓar takarda

Tun da na tura wa 'yan gidanmu bidiyon babur ɗina yana tashi a filin tsere na Santa Pod da ke Ingila, ƙannena suka sa ni gaba da tambaya ɗaya: "Yaya, gudu nawa yake yi?" Har yau ba wanda ya tambaye ni yadda ake tashi, alhali a nan ake cin wasan, a nan ake faɗuwa. Ni bakanike ne. A Ƙofar Ruwa ta Kano na fara riƙe sifana, yanzu ina aiki a wani gareji a garin Northampton na Ingila, kuma shekara shida ke nan duk lokacin zafi nake kai tsohuwar Suzuki ɗina mai inji 600 wannan fili. Ga yadda ake yi, saboda wanda Allah ya kai shi inda akwai irin filin, da kuma mai kallo a waya da yake son ya gane abin da idonsa ke gani.

Wasan da Turawa ke kira dirag ba shi da kwana. Mota biyu ko babur biyu, kowa da layinsa, a tashi daga tsaye cik a yi kwatan mil, wato mita 402. Wasu filayen rabin haka suke yi, mita 201. Asalinsa Amurka. A 1951 wani Ba'amurke mai suna Wally Parks ya kafa ƙungiyar tseren dirag ta NHRA a Kalifoniya don a raba samari da tsere a kan titin jama'a, a kai su inda akwai doka da agogo da motar asibiti. Santa Pod kuwa an buɗe shi a 1966, a kan tsohon filin jiragen yaƙin Amurka na Yaƙin Duniya na Biyu, kusa da ƙauyen Podington. Akwai ranakun da ake buɗe shi ga kowa: ka zo da lasisin tuƙinka, ka biya, ka sa hannu, ka shiga layi da abin hawan da kake zuwa aiki da shi.

Shiri tun daga gida ake yinsa, kuma abu na farko shi ne yoyo. Ɗigon baƙin mai ko ruwan lagireto a kan titin nan yana tsayar da wasan kowa har sai an goge, in kuma ba a gani ba, wanda ya biyo bayanka shi zai taka. Ka durƙusa ka leƙa ƙarƙashin inji da tocila. Mai mota ya kwashe duk abin da ke yawo a ciki da cikin but, ya tabbata batir a ɗaure yake, ya kashe esi tun kafin ya shiga layi saboda ruwan da yake ɗigarwa. Mai babur ya duba sarƙa da birki da lafiyar taya, ya zo da hular kwano mai rufe fuska duka, riga da wandon fata, safar hannu, da takalmi mai rufe idon sawu. A dokar NHRA, motar da ke gama kwatan mil cikin sakan 13.99 ko ƙasa da haka dole direbanta ya sa hular kwano. Ni a ganina ko taka ba ta kai nan ba, ka sa.

Ka zo da gejin iska. Ina rage iskar tayar baya kaɗan don ta ƙara zama a ƙasa, kuma da geji nake yi, ba da matsa taya da yatsa ba. In motarka da tayoyin gaba take ja, su za ka rage wa. Kar ka manta ka mayar da iskar kafin ka hau hanyar gida.

Idan layi ya zo kanka, za ka ga wani wuri da aka jiƙa da ruwa kafin a kai wurin tashi. Nan ne masu tsere ke ƙona taya, hayaƙi ya turnuƙe, 'yan kallo su yi ta ihu. Ba don burgewa ake yi ba. Tayar tsere sulɓi ce, ba ta da zane, sai ta ɗauki zafi take kama ƙasa. Taka ta titi kuwa mai zane ce, in ka shiga ruwan nan za ta ɗebo shi a cikin zanenta ta kai shi har layin tashi, ta jiƙa maka wuri, ta jiƙa wa na bayanka. Kewaye ruwan. In kana so, ka ɗan murza tayar a busasshen wuri na sakan ɗaya ko biyu don ta kaɗe tsakuwa, ya wadatar. Shi kansa titin ana fesa masa wani irin gam. Ranar da na fara sa ƙafa a kai, sai da na ji takalmina yana mannewa yana ɓanɓarowa da ƙara.

Yanzu ka nutsu, don a nan yawancin sababbin shiga ke rikicewa. A gabanka, tsakanin layukan biyu, akwai dogon ƙarfe mai jerin fitilu, suna kiransa bishiyar Kirsimeti, mu dai bishiya kawai muke cewa. A ƙasa kuma, daf da kwalta, akwai haske biyu da ke ratsa layinka, ido ba ya ganinsu, tsakaninsu inci 7, kimanin santimita 18. Ka gangara a hankali kamar mai tura babur a cikin zaure. Da tayarka ta gaba ta tare hasken farko, ƙaramar fitila ta sama za ta kama. Tsaya nan. Ka ja numfashi, ka sauke gilashin hularka, ka tabbata kana giya ta ɗaya, ka jira abokin karawarka shi ma ya kunna tasa. Wannan ladabin fili ne. Sannan ka ƙara matsawa kaɗan-kaɗan har fitila ta biyu ta kama. Da ta kama ka taka birki, kar ka ƙara ko taku. Na sha ganin mai mota ya wuce hasken gaba ɗaya yana neman kunna fitilar da tayar baya, sai ma'aikacin fili ya zo ya mayar da shi.

Me ya sa na ce kar ka ƙara? Saboda agogon ba da koriyar fitila yake farawa ba. Sai tayarka ta fice daga haske na biyu yake fara ƙirga. In ka tsaya daidai inda fitilar ta fara kamawa, kana da 'yan inci na kyauta da za ka gangara kafin agogo ya farka, ka shiga ƙirga da ɗan gudunka. In ka nutsa ciki sosai, ka yar da wannan kyautar.

Da ku biyun kun daidaita, fitilun ɗorawa guda uku za su sauko ɗaya bayan ɗaya, tsakanin kowace rabin sakan, sai koriya. Irin ta ƙwararru daban ce: ukun suna kamawa lokaci guda, koriya ta biyo bayan sakan 0.4. In ka tashi kafin koriya, jar fitila za ta kama, ka faɗi tun ba a je ko'ina ba. In kuma ka tsaya sai ka ga koriya da idonka, ka makara, don kafin ido ya gaya wa hannu, hannu ya saki kuloci, taya ta fice daga haske, kusan rabin sakan ya tafi. Shi ya sa ake tashi da ganin ɗorawa ta uku. Amma a zagayenka na farko da na biyu, shawarata ka manta da wannan. Tunda jinkirinka ba ya shiga lokacin gudunka, bar koriyar ta kama, ka tashi a tsanake. Koyon tashi daban, koyon bishiya daban, kar ka haɗa wa kanka gudu da susar baya.

Tashin kansa, a babur, aikin hannun hagu ne. Ka kwanta a kan tanki, nauyinka ya koma gaba, ka ɗaga totur zuwa wani matsayi ka riƙe shi a nan, kar ka yi ta murzawa kana saki. Kuloci kuwa ka kawo shi bakin inda yake fara kamawa. Da lokaci ya yi, ka sake shi da sauri amma a jere, kana ƙara totur yana shiga. In ka sake shi gaba ɗaya lokaci guda, ɗayan biyu ne: ko tayar baya ta yi ta juyawa a banza, ko gaban ya ɗaga sama. In ka ji tsoro ka rage wuta, inji ya shaƙe, babur ya yi kamar zai mutu. A zuwana na farko gaban ya ɗaga mini har na daina ganin titi, na saki totur gaba ɗaya, ya dawo ƙasa da ƙarfin da na ji shi a wuyan hannuna kwana uku. Wani dattijo mai tsohuwar Kawasaki da ke bayana a layi ya same ni daga baya, ya nuna mini ƙafarsa ta dama. Ya ce in riƙa ajiye ta kusa da birkin baya, taɓawa kaɗan tana sauko da gaban a hankali ba tare da na yanke wuta ba. Shi ne kuma ya nuna mini yadda ake ɗaure ƙafafun gaba, wato ƙarafan da ke riƙe tayar gaba, da maɗauri a danne su, babur ya yi ƙasa. Masu Hayabusa, wato babban babur ɗin Suzuki, da suka yi nisa a harkar har ƙara tsawon ƙarfen tayar baya suke yi, duk don gaba ya zauna.

Mai mota ma haka ne. In mai kuloci ce, matsakaicin totur, a saki a jere. In mai canza giya da kanta ce, ƙafar hagu a birki, ta dama ta ɗan danna totur, sannan a saki birki. Taya mai ihu ba tafiya take yi ba.

Daga nan sai canjin giya a kan lokaci, ido a ƙarshen titi. In ka ji wani abu ya fashe ko ka ga hayaƙi, ka matsa gefe ka tsaya nan take, kar ka ja mai har ƙarshen fili. In ka wuce layin gamawa, ka sassauta totur a hankali, ka taka birki a hankali. Akwai isasshen titi a gaba. Kar ka ratsa layin abokin karawarka sai ka ga inda yake da idonka.

Za a ba ka 'yar takarda kamar rasit ɗin kanti. Kowa ƙasanta yake fara dubawa, inda aka rubuta lokacin gamawa da gudun ƙarshe, wanda ake aunawa a ƙafa 66 na ƙarshen titi. Kai ka fara da sama. Akwai lokacin zaburarka, wato tsakanin kamawar koriya da tashinka, sannan lokacin da ka ɗauka kafin ka cinye ƙafa 60 na farko, kimanin mita 18. Wannan lamba ita ce malamarka. Takardata ta farko ta nuna sakan 2.3 a nan, na gama a sakan 12.9. Ban taɓa injin ba, ko fulogi ban canza ba, amma da na sauko da ita zuwa 1.8 sai ga ni a 11.4. Idan gudun ƙarshenka yana da kyau amma lokacinka ya yi yawa, injinka lafiya lau, hannunka ne ke buƙatar aiki. Ka ajiye kuɗin sabuwar salansa tukuna.

In ka fara sabawa, akwai gasar da ta fi dacewa da mai ƙaramin ƙarfi, kuma ita na fi so. Kowa zai faɗi lokacin da yake ganin zai yi, a rubuta a jikin abin hawansa. A ce ni na ɗauki alkawarin 11.40, kai ka ɗauki 14.00. Bishiya za ta sake ka sakan 2.6 kafin ni, in biyo ka. Wanda ya riga isa ya ci, amma da sharaɗi: in ka yi sauri fiye da alkawarinka, ko da 0.01 ne, ka faɗi. A nan kuɗi ba ya sayen nasara. Mai tsohuwar motar kai yara makaranta da ke maimaita lokaci ɗaya kullum yana kayar da mai motar miliyoyi, na gani da idona ba sau ɗaya ba.

Wanda kallo ya kawo shi, musamman ranar manyan motocin Top Fuel, ya zo da abin toshe kunne, na yara kuma ya zama mai rufe kunnen duka. Motocin nan suna shan wani mai da ake kira naitiro, ƙarfinsu ya kai na doki 11,000, suna wuce kilomita 500 a awa cikin ƙasa da sakan 4, sai da laima ake tsayar da su. Ƙararsu a ƙirji ake jinta, hayaƙinsu kuma yana sa hawaye. Su ba sa yin cikakken kwatan mil yanzu. Bayan rasuwar direba Scott Kalitta a filin Englishtown na jihar New Jersey a 2008, aka rage musu zuwa ƙafa 1,000, kimanin mita 305, don su sami wurin tsayawa. Kar ka zauna a kujera kawai. Ana barin 'yan kallo su zaga inda makanikai ke aiki, ka tsaya ka ga yadda ake kwance inji guda a sake ɗaure shi tsakanin zagaye da zagaye. Ni wannan ya fi tseren kansa riƙe ni.

Idan ka dawo wurin ajiye abin hawa, kashe inji ya huce, kuloci ma ya huce, don tashi uku a jere yana gasa shi. Kafin ka cire safar hannu ka yi hira, ɗauki biro ka rubuta a bayan takardar: ƙarfe nawa ne, iskar taya nawa, a wane matsayi ka riƙe totur, rana ake yi ko sanyi. Iska mai sanyi ta fi wa inji daɗi, shi ya sa lokacin safe yakan fi na azahar kyau ko da ba ka canza komai ba. In za ka gyara wani abu kafin zagaye na gaba, abu ɗaya tak za ka taɓa, don ka san shi ne ya yi aiki ko ba shi ba. Sannan ka sha ruwa, ka sake gwada iskar taya, ka koma layi.