Yadda za ka ga amiba suna kiran junansu

Ka samu Dictyostelium discoideum, wani nau'in amiba (ƙananan halittu masu ƙwayar halitta ɗaya tak), ka zuba su a faranti mai aga (wani abu mai kama da jeli da ake renon ƙwayoyin halitta a kansa) tare da bakteriya E. coli su ci, amma fa ka ajiye wajen sanyi kamar digiri 22, zafin ɗakinmu kashe su zai yi. Da abinci ya ƙare sai ka sa ido a madubin ƙara girma. Yunwa ce ke sa su fara sakin sinadarin cAMP kusan duk minti 6, wanda ya ji sai ya matso shi ma ya saki nasa, haka har su dunƙule kamar tsutsa tana rarrafe. Nan ne daɗin kallon wallahi. Cikin awa 24 za ka ga ɗan kara ya miƙe da ƙwallon iri a kansa, amiban da suka zama karan kuwa sun mutu.