Yadda ake samo gidan da mai shi ya matsu, a gyara a sayar ba tare da gyaran ya cinye riba ba

Duk wanda ya ɗan daɗe a harkar gidaje a Kano zai gaya maka tun wurin saye ake cin riba, in ka sayi gida da tsada to ko zinare ka shafa a bango ba abinda zaka fita dashi sai wahala. Shi yasa aikin farko shine gane waye ke son sayarwa da gaske, waye kuma gwada kasuwa kawai yake. Mai gwada kasuwa zaka ganshi ya sa kuɗi sama da na unguwar, kayi tayi yace albarka, ka ƙara yace albarka, shekara biyu gidan na hannun dillalai goma kuma ko a jikinsa. Kar ka ɓata man mashin ɗinka a kansa. Wanda kake nema shine wanda lokaci ya fi masa kuɗi muhimmanci, yana son a biya shi cikin sati ɗaya ko biyu, kuɗi a dunƙule, ba a zo ana ja masa rai ba.

Su waye waɗannan? Na farko kuma mafi yawa gidan gado. Mahaifi ya rasu ya bar gida ɗaya da 'ya'ya goma sha da mata biyu, gidan ba zai rabu ba sai an mayar dashi kuɗi, kowa kuma na da abinda yake jira yayi da rabonsa. Sai ɗan kasuwan da kayansa suka iso yana neman kuɗin fitarwa, ko wanda bashi ya taso masa. Akwai ma'aikacin da aka yiwa canjin wurin aiki ko yayi ritaya zai koma garinsu. Akwai mai kango, ya kai gini linta kuɗi suka ƙare, damina uku tana dukan bulo. Sannan mai gidan hayar da 'yan haya suka gajiyar, shi kam burinsa kawai ya rabu da ƙaya. Lokaci ma na da tasiri, gab da rufe biyan kuɗin kujerar Hajji da lokacin komawa makaranta da bayan sallah in bukukuwa sun taso zakaga gidaje da filaye sun fito kasuwa.

To ta ina zaka ji labarinsu kafin kowa, nan ne aikin yake. Gidan da ka gani a Facebook ko a status ɗin WhatsApp ya riga ya bi hannu biyar, kowa ya ɗora nashi, wani ma bai taɓa ganin ƙofar gidan ba hoto kawai aka turo masa. Labari mai kyau a ƙasa yake. Ka zaɓi unguwa biyu ko uku kawai, misali Rijiyar Zaki da Dorayi, ko Sheka da Na'ibawa, ka sansu kamar tafin hannunka, ka san nawa aka sayar da gidan bayan masallaci watan jiya, ba nawa aka sa masa ba, nawa aka sallama. Ka saba da mai unguwa domin kusan duk cinikin awon igiya, wato filin da masu gona suka yanka da kansu ba gwamnati ba, sai ya bi ta gabansa. Ka saba da mai shayin bakin layi da mai wankin hula da birkilolin unguwar, su ne ke fara sanin ginin da ya tsaya da gidan da ake rigimar gado. Dillalin unguwa ɗaya mai amana ya fi maka group ɗari, kuma in ya kawo maka abu ka bashi la'adarsa cif a ranar, kar ka zagaye shi ka koma wurin mai gida ta bayan fage, wallahi labarin zai zaga kafin magariba kuma ba mai sake kiranka.

Sannan ka riƙa yawo da ƙafa. In kaga gida ƙofa a kulle da kwaɗo mai tsatsa, ciyawa ta fito a kan katanga, kwano ya ɗage, ka yi sallama da maƙwabci ka tambaya na waye. Sau da yawa zaka ji ai mai shi yana Legas, ko ai magada ne sun kasa daidaitawa.

In ka zauna da mai gida kar ka fara da kuɗi. Ku gaisa sosai, ka bari yayi magana. Tambayar da nake yi itace, Alhaji in Allah ya sa mun daidaita yaushe kake son a kammala? In yace ai ba gaggawa, ka gane. In yace so nake kafin ƙarshen wata, to ga mutuminka. Abinda zaka sayar masa shine sauƙi, kuɗi a hannu, ba sai ya gyara komai ba, ba sai an riƙa shigo masa da baƙi suna leƙa ɗakin iyalinsa kullum ba. Amma fa a ji tsoron Allah, matsuwar mutum ba lasisin zalunci bace. Ragi daban, cuta daban. Bazawarar da bata san kuɗin gidanta ba ka gaya mata gaskiyar abinda ake sayarwa a layin, sannan kace Hajiya ni ga abinda zan iya biya yau saboda gyaran da ke ciki, in ta ga dama ta sallama in ta ga dama ta jira mai biya da tsada. Haka kuma turo abokinka yayi tayin banza dan a karya mata zuciya ba dabara bace, ha'inci ne.

Gidan gado yafi kowanne araha kuma yafi kowanne haɗari, bari in ɗan tsaya a nan. Kar ka yarda da maganar babban wa shi kaɗai ko da rawani yake sawa. Ka nemi takardar rabon gado ko izinin sayarwa daga kotu, ka san adadin magada, mata da maza, har wadda ke aure a wani gari da yaron da bai balaga ba da wanda ke tsaye a madadinsa. Kowa ya sa hannu ko ya wakilta a rubuce. Kuma kar ka sayi kason mutum ɗaya a gidan da ba a raba ba kana tunanin zaka lallaɓa sauran, a fiƙihun Malikiyya abokin tarayya na da haƙƙin shuf'a, zai iya mayar maka da kuɗinka ya karɓe kason, kai kuma an bar ka da zirga zirgar kotu.

Takardu kuwa, tun dokar amfani da ƙasa ta 1978 ƙasa na hannun gwamna ne a matsayin amana, mai C of O ma, wato takardar shaidar mallaka ta gwamnati, in zai sayar a ƙa'ida sai da amincewar gwamna. Dan haka in gida na da C of O ka biya lauya yaje yayi bincike a KANGIS, hukumar da ke riƙe da bayanan filaye a Kano, in Kaduna ne KADGIS, in Abuja ne AGIS, a duba sunan waye a fayil, ko an jinginar dashi a banki, ko akwai bashin kuɗin ƙasa da ya taru. In awon igiya ne ka bi takardun ciniki ɗaya bayan ɗaya har wanda ya yanka gonar, ka tambayi maƙwabta iyaka, ka tabbatar ba a kan hanya ko magudanar ruwa ko ƙarƙashin babbar wayar wuta yake ba. Wanda yaga rusau ɗin da akayi a Kano a 2023 ba sai an masa dogon bayani ba. Ka duba bashin wuta na KEDCO tun kafin ka biya, in akwai a cire daga kuɗin. In da 'yan haya a ciki a rubuta waye zai basu notis da ranar da zasu tashi, dan mai biyan shekara ba a tashinsa a sati biyu.

Yanzu lissafi. Daga ƙarshe ake farowa a dawo baya. Misali ka duba ka ga gida irin wannan in an gyara shi tsaf ana sallama shi miliyan 30 a layin. Maginin ka ya zaga yace gyara zai ci miliyan 5, kai ka rubuta 6 dan sai an fasa bango ake ganin abinda ke ciki. La'adar sayarwa mu ɗauka kashi 5 cikin 100 ne, miliyan ɗaya da rabi kenan, lauya da takardu da mai gadi ka ware dubu 500, ribar da kake so miliyan 4. In ka cire duka saura miliyan 18, a ciki kuma akwai la'adar saye, kaga kenan duk abinda ya haura 17 ba naka bane, kayi sallama ka tafi ko da gidan ya shiga ranka. Masu wannan sana'a a Amurka na da wata ƙa'ida, kar ka biya sama da kashi 70 na kuɗin gidan bayan gyara, sannan a cire kuɗin gyaran, in ka buga da misalin nan da gyaran miliyan 6 zai baka 15, kaga ba nisa.

Ni abinda ya taɓa cina shine saye da rani. Na ga wani gida ciki da falo biyu da tsakar gida mai faɗi, a watan Maris, ƙasa a bushe ƙayau, bango an masa sabon fenti har ƙasa. Ban kawo komai ba na biya. Ranar da aka tafka ruwan farko na Agusta mai gadi ya kirani da asuba, na iske ruwa har ƙauri a tsakar gida, silifas ɗin leburori na yawo a kai, ashe layin ya fi gidan tudu, duk ruwan unguwar nan yake sauka. Sai da muka yi ciko tifa bayan tifa, muka ɗaga dandamalin ƙofa, muka sake kwata, filastar da akayi sati biyu baya duk ta kumbura ta zubo. Ribar nan a cikon ta tafi. Tun daga ranar in zan duba gida sai na durƙusa na ƙwanƙwasa gindin bango da makulli, in naji yana fuf fuf ko gishiri ya fito fari nasan akwai danshi, sannan in tsallaka in tambayi tsohuwar da ke maƙwabtaka, Baba ya layin nan yake da damina? Su basa ɓoyewa.

Wurin gyara ka tuna ba kai zaka zauna a ciki ba. Kuɗinka ya fara tafiya kan abinda ke kashe ciniki, rufin da ke yoyo, sokawe, wayarin, famfo, tsagewar bango. Bayan nan sai abinda ido ke fara gani, get, fenti, tayil ɗin falo, banɗaki da kicin, dan yawanci uwargida ce ke yanke hukunci kuma can take fara leƙawa. POP mai hawa uku da fitilu kala kala a lungun da mota bata shiga asara ce, unguwa ce ke yanka wa gida kuɗi.

Kayan aiki ka sayo da kanka, ka shiga Ƙofar Ruwa ka zaga shago uku kafin ka biya, katako ka leƙa 'Yan Katako. Ma'aikata kuma ka basu jinga, kar kayi biyan yini, in ba haka ba aikin kwana goma zai koma wata. A rubuta abinda jingar ta ƙunsa, ka biya kashi kashi, in an gama rufi a karɓa, in an gama filasta a karɓa, kuma ko da wasa kar kuɗinka ya riga aikin gaba, ka riƙe wani abu sai ka kunna kowane soket ka buɗe kowane famfo. Ka ƙirga buhun siminti da safe ka ƙirga fanko da yamma. In ka riga ka san adadin da zaka buƙata na tayil da kwano da waya saye su gaba ɗaya tun farko, kowa ya ga yadda kaya suka tashi bayan cire tallafin mai a 2023, a farkon 2024 buhun siminti ya haura dubu goma, wanda ya tsara aikinsa da tsohon farashi a tsakiya ya tsaya. Siminti dai kar ka tara da yawa da damina, yana daskarewa.

Lokaci ma kuɗi yake ci shiru shiru. Duk watan da gida ya ƙara a hannunka akwai mai gadi, ga jarinka a kwance naira na zubewa. Wani zai ce ai na saya 17 na sayar 30 bayan shekara biyu, to je ka nemi irin gidan da ka saya 17 ɗin ka ji nawa yake yanzu. Dan haka tun ana fenti ka fara sanar da dillalai, in tayi mai kyau ya zo kusa da abinda ka tsara ka sallama ka juya kuɗin.

Wanda bashi da jarin saye fa? Akwai hanyar da ake haɗa mai gida da mai kuɗi a ci tsakani, amma a yi ta a fili. Ko dai ka tsaya a dillali ka karɓi la'ada, ko kuyi yarjejeniya da mai gida a rubuce cewa shi miliyan kaza yake so, abinda ya hau naka ne, ya sani ya yarda. Abinda ke jawo rigima shine ka bada ɗan kafin alƙalami ka fita kana cewa gidanka ne kana karɓar kuɗin mutane, alhali akwai hadisin da ya hana mutum sayar da abinda ba nashi ba, in kana da shakka kan sigar cinikin ka tambayi malami kafin ka shiga. Kuma kafin ka ɗaure kowane gida ka tanadi masu saye uku ko huɗu da ka san kuɗinsu a kusa yake, ka san mai son kango, ka san mai son gidan haya, ka san wanda baya taɓa abinda ba C of O. A takardar kafin alƙalami a rubuta ranar cika kuɗi da abinda zai faru in ranar ta wuce, shaidu biyu su sa hannu, kowa ya riƙe kwafi, kai kuma ka ɗauki hotonta a waya tun kafin ku tashi daga tabarmar.