Kafin ka shiga wurin mai kayan miya a Iran

Sabon zuwa Kum ko Tehran, musamman ɗalibi mai dafa wa kansa, kalmar da ya kamata ya fara riƙewa ita ce sabzi, wato ganye a Farisanci. Mu a gida ganye na miya ne. Su kuwa Iraniyawa har ɗanye suke cinsa: za ka ga faranti cike da na'a-na'a da ɗoɗɗoya da ƙananan jajayen radish (wata saiwa mai ɗan yaji-yaji) a gefen shinkafa, ana ɗauka da hannu ana haɗawa da burodi da cuku. Sunansa sabzi khordan, kuma ba ado ba ne, ci ake yi.

Sai ka lura, ba a faye sayen ganye ɗaya-ɗaya ba. Sunan girkin za ka faɗa wa mai sayarwa, shi ya san haɗin. Ka ce sabzi ghorme, zai ɗaure maka jafari (fasili) da geshniz (koriyanda) da tareh (mai kama da ganyen albasa) da shanbalile, wato ganyen hulba, na miyar nan gorme sabzi da ake dafawa da nama da jan wake da busasshen lemun tsami. Ka ce sabzi ash, na fatensu ne. Wasu shagunan ma har yankawa suke yi da inji. Hulbar dai a yi hankali da ita, in ta yi yawa miya ta yi ɗaci.

Sauran ba wuya. Albasa piyaz, tafarnuwa sir, tumatir goje, dankalin Turawa sib-zamini, karas havij, kabeji kalam, kokwamba khiyar. Doguwar baƙar gautar nan da suke soyawa su kwaɓa da kashk, wani kakkauran nono mai tsami, ita ce bademjan. Kuɓewa bamiye ce, sai dai su ba sa son yauƙi, ɗungurungum suke jefa ta cikin miyar tumatir. Kuma da azumi in ka ji ana kiran zulbiya bamiye, kada ka ɗauko tukunya, kayan zaƙi ne irin su alkaki.

Yaji ne matsalar Bahaushe. Abincinsu, in ban da na kudu wajen Bandar Abbas, babu zafi. Felfel kawai in ka ce, ana iya miƙo maka tattasai. Ka ƙara da tond, mai zafi ke nan.

Farashi kuma ka ce "kiloyi chand?", nawa kilo. Da toman zai amsa, kuma toman ɗaya riyal 10 ne na Iran. In ya ce "ghabel nadare", wai ka bar shi kawai, kara ce irin tasu. Ka yi godiya, ka biya.