Doguwar Tafiya a Jirgin Sama Daga Accra: Shiri, Zama da Sauka

Abin da ya fi mayar da matafiyi gida daga filin jirgin Accra, da jakunkunansa da 'yan rakiyarsa, takarda ce. Don haka da ita za a fara, tun kafin a biya kuɗin tikiti. Fasfo ya kasance da sauran aƙalla wata 6 kafin ya ƙare, kuma sunan da ke kan tikiti ya yi daidai da na fasfo harafi da harafi. Wannan na damun mutanen Zango sosai, domin Mohammed da Muhammad da Mahama duk mutum ɗaya ne a unguwar Nima ta Accra, amma a kwamfutar kamfanin jirgi mutum uku ne. Katin rigakafin shawara, wato katin nan mai ruwan ɗorawa, sai bayan kwana 10 da yin allura yake fara aiki, kuma tun 2016 allura ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa. Mai zuwa Umara ko Hajji ya ƙara da allurar sanƙarau.

Inda ake yawan faɗawa rami shi ne bizar yada zango. Gana na cikin ƙasashen da Tarayyar Turai ta ce sai da wannan biza 'yan ƙasarsu za su canja jirgi a filayen ƙasashen Shengen, wato ƙasashen Turai masu biza ɗaya, irin su filin Amstadam, Faris ko Farankfot, ko da ba za su leƙa waje ba. Ingila ma tana da irin wannan doka. Akwai sassauci ga wanda ke riƙe da biza mai aiki ta Amurka ko Kanada, amma sharuɗɗan sun bambanta, sai a tambayi kamfanin jirgin kai tsaye. Amurka kuwa ba ta san yada zango babu biza ba sam. Tikiti mai araha da ya bi ta inda ba ka da izinin bi, asarar kuɗi ne kawai, domin tun a Accra za a hana ka hawa.

Mai tasowa daga Kumasi, jirgi daga filin Prempeh na Ɗaya bai cika kai awa guda ba, mota kuwa awa 5 zuwa 6 idan hanya ta yi kyau. Jirgin cikin gida a Tasha ta 2 yake sauka, na ƙetare daga Tasha ta 3 yake tashi, wadda aka buɗe a 2018. Idan tikitin biyu daban-daban aka saye su, jinkirin na farko ba ruwan kamfani na biyu da shi, saboda haka gara a shigo Accra da safe ko ma a kwana. A isa filin awa 3 kafin tashi. A kuma duba kwanan wata da kyau: jirgin ƙarfe 12:30 na dare da tikiti ya sa wa ranar Talata, ranar Litinin da yamma ake barin gida dominsa.

Sai kaya. Kamfanoni da yawa suna ba da jaka biyu masu kilo 23 kowace, wasu kuma jimillar nauyi suke ƙirgawa, tikitinka ne zai faɗa. Jaka ɗaya ba ta wuce kilo 32 ko da za ka biya, ta hannu kuma kilo 7 ko 8. A auna a gida. Ba abin da ya kai buɗe akwati a tsakiyar jama'a ana fitar da gari da atamfa rashin daɗi. A jakar hannu duk abu mai ruwa ba zai wuce mililita 100 a kowace kwalba ba, kuma shito, wato miyar barkonon Gana, da man kaɗe da zuma duk ruwa ake ɗaukarsu. Shito ya shiga babbar jaka, a naɗe murfin da salatif, a sa a leda biyu, domin canjin iska a sama kan sa kwalba ta yi yoyo. Fawa bank kuwa akasin haka: a hannu kaɗai ake riƙe shi saboda batirinsa na iya kamawa da wuta. Mai ƙarfin mAh 20,000 yana cikin ƙa'ida, kodayake Emirates ta hana amfani da shi cikin jirgi tun Oktoban 2025.

Kilishi, nama kowane iri da wagashi ba sa shiga Turai da Ingila, Amurka ma tana ƙwace nama daga nan. Busasshen kifi ya fi samun wucewa. Dokar da ba ta ba da kunya ita ce, duk abincin da ke jakarka ka faɗa wa kwastan. Wanda ya faɗa ƙwacewa kawai za a yi, wanda ya ɓoye tara ce. Kuɗin da ya haura dala 10,000 a Amurka, ko ya kai yuro 10,000 a Turai, dole a bayyana shi. Taramol da magunguna masu kodin kan kai mutum kurkuku a Dubai da Masar idan babu takardar likita. Goro ma a bar shi gida idan Saudiyya aka nufa.

Maganar saƙo tana da nauyi, don a Zango da wuya mutum ya yi tafiya ba a ce "Alhaji, ga ɗan saƙon nan ka kai wa ƙanena" ba. Karɓa ba laifi, amma a buɗe shi a gabanka, ka zazzage, ka ga komai da idonka, ko da na ɗan uwa ne. Abin da aka samu a jakarka naka ne a idon doka. Wanda ya tare ka a filin jirgi da ƙunshi, ka ba shi haƙuri.

Daga Accra zuwa Landan ko Amstadam kusan awa 7 ne, Dubai wajen awa 8, Amurka kai tsaye wajen awa 11. Iskar cikin jirgi kamar ta saman dutse mai tsawon mita 2,000 take, ga bushewa fiye da hunturu, shi ya sa leɓe ke tsagewa, kai ya yi nauyi. A riƙa shan ruwa a kai a kai, a rage kofi. Zaman da ya wuce awa 4 babu motsi yana ƙara haɗarin daskarewar jini a jijiyar ƙafa, musamman ga tsofaffi, masu ƙiba, masu ciki da wanda bai daɗe da yin tiyata ba. Kujerar bakin hanya ta fi musu ta taga: a miƙe duk bayan awa ɗaya ko biyu, a zaune kuma a riƙa juya idon sawu. Ƙafa na kumbura, takalmi ya zama sakakke. Kunne ya fi toshewa lokacin sauka. Hamma, haɗiyar yawu ko cingam na buɗe shi, jariri kuma a ba shi mama. Ɗamarar kujera ta zauna a ɗaure ko da fitilarta a kashe take, don gargadar iska ba ta sallama.

Abincin Emirates, Qatar da Turkish halal ne. A jiragen Turai da Amurka sai an nemi abincin Musulmi awa 24 zuwa 48 kafin tashi, ba a cikin jirgi ake roƙonsa ba. A yi alwala a ƙasa, a haɗa sallolin da ake iya haɗawa kafin hawa, domin banɗakin jirgi ƙarami ne kuma ba a jiƙa ƙasansa. Mai azumi da faɗuwar ranar da yake gani ta taga zai sha ruwa, ba da agogon Accra ba, kuma mai tafiya yamma yininsa na tsawo.

A wurin canja jirgi, kafin shayi, kafin waya, a nemi allon jirage a tabbatar da lambar ƙofa, don tana canjawa, kuma ana rufe ta minti 15 zuwa 20 kafin tashi. Lokacin da ke kan tikiti na garin da kake ne: Dubai na gaban Gana da awa 4, Santambul da Jidda awa 3. Ratar ƙasa da awa 2 a babban fili ganganci ne ga wanda bai saba ba.

Idan an sauka jaka ba ta fito ba, kada a bar zauren kaya. A je kantar kamfanin da ƙaramar takardar nan mai lamba da aka manna a bayan katin shiga jirgi tun a Accra, a cike takardar rahoto, a karɓi lambar bibiya. Jakar da ta fashe ana da kwana 7 a kai ƙara a rubuce, wadda ta makara kwana 21 daga ranar da ta iso. Saboda irin haka ne magani, caja, takardu da kaya canji ɗaya suke zama a jakar hannu.